Minti Goma Sha Uku na Mai Tuta

Filin jirgin garin ƙarami ne, irin wanda in ka tsaya a ƙofar shiga kana hango ƙofar fita. Ɗakin jira ɗaya ne, da kujerun roba ashirin da huɗu, da sikelin kaya, da hasumiya mai bene ɗaya wadda baƙo kan zaci tankin ruwa ce. Jirgi ɗaya ke zuwa, sau ɗaya a rana, da hantsi. Daga wani ƙaramin fili irinsa yake tasowa, can bayan duwatsu, nisan kilomita ɗari biyu da tamanin ta sama. Ta ƙasa kuwa awa bakwai ce a mota, don sai hanyar ta zagaye duwatsun, ta kuma zagaye kogi, kamar ba ta son isa.

A nan Mai Tuta ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki. Bai taɓa shiga jirgi ba, ba a kuma taɓa jin ya ce yana so ba.

Aikinsa tafiya ce. Da zarar an kira daga wancan filin an ce jirgi ya tashi, sai ya ɗauki tutocinsa biyu, ja da koriya, ya rataya buhu da rediyon hannu, wato oba-oba, ya bi titin saukar jirgin ta gefen dama har ƙarshe, ya dawo ta gefen hagu. Tsawon titin kilomita ɗaya da mita ɗari shida ne. Duk abin da zai iya fasa taya ko ya shiga inji, buhunsa yake shiga: ƙusa, noti, guntun waya, tsakuwa, kwalba. Akuya da kare kuwa kora ce tasu, don shingen wayar filin ya fi shekara goma yana jiran gyara. In ya dawo gindin hasumiya sai ya ɗaga koriyar tuta, ya ce a oba-oba, "Titi lafiya." Mai rediyon hasumiyar, wanda kowa ke kira Na Sama, shi zai gaya wa matuƙi ya sauko.

Doka biyu ce a kan aikin. Ba a fara dubawa sai labarin tashi ya zo, saboda jirgin kan makara awa biyu ko uku, akuya kuwa ba ta san an riga an duba ba. Kuma dole a gama aƙalla minti biyar kafin jirgin ya iso. An taɓa kawo wata a-kori-kura don aikin, ta yi shekara huɗu ta mutu a gindin bishiyar bayan ofis, kajin mai gadi suka gaje ta. Mai Tuta bai yi mata ta'aziyya ba. Ya ce mota ba ta ganin ƙusa.

Ba ya ɗaura agogo. Matarsa ta taɓa saya masa ɗaya, ya gode, ya jefa shi a durowar keken ɗinkinta. In aka tambaye shi lokaci sai ya bubbuga cinyarsa ya ce ga agogonsa nan. A shekararsa ta farko manajan wancan zamanin ya auna shi, zuwa da dawowa minti talatin da uku. Tun daga ranar ya riƙe wannan adadi kamar sunan yanka, bai sake bari an auna shi ba. Babu ma dalili. Tsohon jirgin mai farfela minti hamsin da biyar yake yi tsakanin filayen biyu, saboda haka Mai Tuta kan gama, ya sha shayi, ya yi wa masu ɗaukar kaya tsiya, kafin a ji ƙugin jirgi.

Da wannan tafiyar ya riƙe 'ya'ya huɗu. A gidansa akwai gwangwanaye bakwai cike da ƙusoshi da notina, maƙwabta kan zo nema in ƙofa ta ɓalle. Manyan yaran sun kama gabansu, ba wanda ya waiwayi filin jirgi. Auta ce kaɗai ta yi karatun aikin, aka ɗauke ta, aka tura ta wancan filin na bayan duwatsu. Ita ke rubuta lokacin tashin jirgi a littafi, ita ke kuma kiran wannan hasumiya ta sanar. Shekara uku ke nan muryar da ke cewa jirgi ya tashi tata ce. Na Sama kan leƙo ta taga ya ce, "Dattijo, 'yarka ta ce ka miƙe." Shi kuma ya ce, "A gida ma haka take yi mini."

Ana nan sai kamfani ya canza jirgi. Manaja ya kira Mai Tuta ofis, ya ba shi kujera, abin da bai saba yi ba.

"Sabon jirgin minti talatin da shida yake yi," in ji Manaja. "In ka cire biyar na doka, saura talatin da ɗaya."

"To, ranka ya daɗe."

"Hedkwata sun ce ranar da jirgi ya iso koriyar tuta ba ta tashi ba, za su aiko babur da wani. Kai kuma ritaya. Na san saura shekara biyu lokacinka ya cika, shi ya sa nake gaya maka da wuri."

"Talatin da uku nake yi ina tafiyar ƙasaita," in ji Mai Tuta. "In na ɗaga ƙafa, talatin ma ta yi yawa."

Manaja ya dubi gwiwoyin Mai Tuta, ya mai da ido kan takarda, ya ce Allah ya taimaka.

Da yamma matarsa na shafa masa man zafi a gwiwar hagu, wadda ta yi shekara biyar tana kumbura duk damina, ya ba ta labari yana dariya. Ita ba ta yi dariyar ba.

"Malam, jiki magayi fa."

"Ai ya gaya mini. Ya ce babu komai."

"Jiya daga nan zuwa bakin titi sau biyu ka tsaya."

"Gaisuwa na tsaya yi."

"Da falwayar wuta?"

Ya janye ƙafarsa. Da Auta ta kira su gaisa ya karɓe wayar ya maimaita mata maganar da ya yi wa Manaja, har da ƙari. Ta saurara har ya gama, ta tambayi gwiwar, ya ce gwiwa sai godiya.

Ranar farko ta sabon jirgi ya yi tafiya kamar an biyo shi. Ya iso gindin hasumiya riga sharkaf da gumi, numfashi na fita da ƙyar, ya ɗaga koriyar tuta, ya dubi sama. Babu jirgi babu alamarsa. Sai da ya zauna ya sha ruwa sannan ya ji ƙarar. Washegari haka, jibi ma haka.

Daga nan filin jirgi ya shiga uku da baki. Mai shayi ya ji labarin ya fi sau hamsin. Masu ɗaukar kaya in sun hango shi tafe sai kowa ya tuna yana da aiki. Fasinja ma bai tsira ba, in ya kuskura ya tambayi ko minti nawa jirgin ke yi, sai a ce masa talatin da shida ne a takarda, amma ga tsohon da ke riga shi kullum da ƙafa. Har ya fara zargin an cuci kamfani, an sayar musu da jirgi mai ƙaryar gudu. Wata takwas yana wannan. Bai lura cewa Na Sama ya daina tsokanarsa ta taga ba, yanzu "Ya tashi" kawai yake cewa, ya ja kansa ciki.

A wata na tara wata mai bincike ta zo daga hedkwata, mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tara ma'aikatan filin su bakwai a ɗakin jira bayan jirgi ya koma, ta buɗe takardu a kan sikelin kaya don babu tebur.

Ta ce akwai abin da ya ɗaure musu kai. Jirgi in ya tashi daga nan zuwa can, littattafan hasumiyoyin biyu na nuna minti talatin da shida. In ya taso daga can zuwa nan, arba'in da tara. Kullum, wata takwas. Mai sikeli ya ce ko iska ce. Ta ce ta tambayi matuƙa, littafinsu talatin da shida yake nunawa zuwa da dawowa, kuma duwatsun ba su matsa ba. Abin da ya rage shi ne, ana rubuta lokacin tashi a can minti goma sha uku kafin jirgin ya bar ƙasa, ana kuma sanar da nan a wannan lokacin.

"To mene ne a ciki?" in ji mai sikeli. "Ai jirgin yana isowa."

"Ranar da bai iso ba," in ji ta, "da wannan lokacin za a ƙiyasta inda za a neme shi. Minti goma sha uku a gudunsa kilomita ɗari ne. Sai a tafi neman mutane inda ba su." Ta ce an riga an ba ma'aikaciyar da ke rubutawa takardar tuhuma, ta amsa cewa ita ta yi, amma ta ƙi faɗin dalili. Laifi ne na kora.

Ba wanda ya dubi Mai Tuta. Su shida, kowa ya sami abin kallo, wani silin, wani takalminsa. Da wannan ya gane cewa shi kaɗai ne bai sani ba.

Matakalar hasumiya hawa ashirin da biyu ce. Ya yi shekaru bai hau ba, ranar ya hau, yana dafa bango. Ya tarar da Na Sama zaune gaban rediyo, agogon bango na saman kansa.

"Minti nawa nake yi?"

"Dattijo, zauna tukuna."

"Tambayarka na yi."

"Arba'in da huɗu," in ji Na Sama. "Wata rana da biyar. In an yi ruwa, da takwas."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin sabon jirgi. Ya kai shekara huɗu."

"Kai ka gaya wa Auta?"

"Ita ta tambaye ni, ranar da Manaja ya kira ka. Na faɗa mata gaskiya. Washegari sai na ji ta kira ana rufe ƙofar jirgi, tun bai motsa ba. Na rubuta abin da ta faɗa. Ban ce ta yi ba, ban kuma ce ta bari ba. Wannan nawa laifin ne."

Mai Tuta ya tsaya a tagar. Daga nan titin gajere ne, ana ganin ƙarshensa sarai. Ya tuna mai shayi, da fasinjojin, da jirgin da ya ce yana ƙaryar gudu. Ya yi fushi, amma kunya ta fi fushin yawa.

A gindin bishiya, kusa da mushen a-kori-kura, ya kira Auta. Ta ɗauka tun bugun farko.

"Baba, ina wuni."

"Wa ya aike ki?"

"Baba..."

"Da ke nake."

"Ba kowa, Baba. Shekara biyu ce ta rage maka. Na ce in ka cika su ka fita da ƙafarka, ba a ce an cire ka ba."

"Kin mai da ni abin dariya wata takwas."

"Wallahi ba wanda ya yi dariya."

"Shi ya fi ciwo," in ji shi. Ya ji tana jan hanci, bai lallashe ta ba. "Ni ƙusa nake tsinta don kada a rasa rai. Ke kuma kin ɗauki ƙusa kin ajiye a littafi. Me ya sa ba ki faɗa wa matar nan dalili ba?"

"In na faɗa, kai za su cire."

"In ba ki faɗa ba, ke za su kora. Ke shekara talatin ce a gabanki. Wane lissafi ne wannan? Kuɗin makarantar banza muka biya ke nan." Ya numfasa. "Gobe sai taya ta bar ƙasa za ki kira. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya sami mai binciken a ofishin Manaja tana haɗa takardunta. Ya yi sallama, ya tsaya, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, minti goma sha ukun da kike nema, ga su nan. Yarinyar 'yata ce."

Ya ba ta labarin duka, bai rage alfaharin da ya yi ba. Ta saurara, ta cire tabarau ta goge. Ta ce abin da aka rubuta an rubuta, ba za ta iya kankare shi ba, hukunci kuma ba a hannunta yake ba. Amma akwai bambanci tsakanin ma'aikacin da ba a san abin da ya sa yake ƙarya ba, da wanda aka san dalilinsa kuma dalilin ya kau. In ya kau, za ta iya rubuta cewa ba ta ga abin da zai sa a sake ba.

"Zai kau," in ji shi. "Alfarma ɗaya nake nema. Ki kwana garin nan, gobe in yi tafiyar a kan lokacin gaskiya, kina gani."

Manaja ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ta yarda. Maganar gaskiya, har a lokacin akwai wani lungu a zuciyar Mai Tuta da ke cewa agogon Na Sama ne ke sauri.

Da safe yana sa takalmi matarsa ta ajiye masa agogon nan na cikin durowa a kan cinya. Agogon yana tafiya, an sa masa sabon batir. Bai tambaye ta yaushe aka sa ba, bai kuma tambaye ta ko ita ma ta sani ba. Ya miƙa hannu ta ɗaura masa.

Ƙarfe goma da minti bakwai Na Sama ya leƙo ya ce jirgi ya tashi. Mai Tuta ya dubi agogo ya kama hanya. Ya ba da duk abin da ke jikinsa. Ya tsinci murfin kwalba da guntun waya, ya kori wasu awaki uku da suka shigo ta ɓarakar shinge, ba tare da ya tsaya zaginsu kamar kullum ba. Da ya taɓa ƙarshen titi ya duba, minti ashirin da ɗaya. Ya sake dubawa, ya kai agogon kunne, yana tafiya lafiya lau.

Ya juyo ta gefen hagu. Gwiwar ta fara magana tun bai yi nisa ba. A minti na talatin da ɗaya, lokacin da ya kamata koriyar tuta ta tashi, bai ma kai rabin dawowa ba. Jim kaɗan ya ji ƙarar daga wajen duwatsu, sai ga jirgin, ƙarami, yana ƙyalli. Oba-oba ta yi ƙara.

"Dattijo, matuƙi na tambaya."

Daga inda yake yana hango sauran titin har gindin hasumiya, fes, babu ko inuwar akuya. Shekara talatin da ɗaya sun koya masa cewa mai yiwuwa babu komai a wurin. Kalma biyu ce, ba wanda zai ƙaryata shi. Ya zaro jar tutar, wadda bai ɗaga ba sai sau huɗu a rayuwarsa, ya ɗaga ta sama.

"Ban gama ba," in ji shi. "Ya jira."

Jirgin ya wuce ta kansa ya yi gabas, ya zagaya gari. Mai Tuta ya daina sauri. Ya koma tafiyarsa ta kullum, ido a ƙasa, dama da hagu, taku bayan taku. Jirgin ya sake zagayowa. Ma'aikata sun fito ƙofar ɗakin jira sun yi cirko-cirko, har da mai shayi. Bai sami komai a sauran titin ba, ko tsinke. Da ya iso gindin hasumiya ya duba agogo, minti arba'in da huɗu cif. Ya ɗaga koriyar tuta ya ce, "Titi lafiya."

Ya jira har jirgin ya sauka, fasinja goma sha tara suka fito suna mitar an ɓata musu lokaci. Sannan ya naɗe tutocin biyu, ya haɗa da oba-oba ya miƙa wa Manaja. Buhun ya tafi da shi, don nasa ne.

Bayan sati uku aka kawo babur. Auta ta sami takardar gargaɗi, aka rage mata mataki ɗaya, aka bar ta a kujerarta. Na Sama ma ya sami tasa takardar. Kamfani ya ba Mai Tuta kujera kyauta a jirgi ya je ya ga 'yarsa, ya ce a bar shi ya yi shawara, har yau yana shawarar.

Yanzu da hantsi yana zama a ƙofar gida, gwangwanayen ƙusa a gefensa, agogo a hannu. Gidan na ƙarƙashin hanyar da jirgin ke bi in zai sauka. Auta in ta gama kiran hasumiya sai ta kira shi a wayarsa ta ce, "Baba, ya tashi," ta kashe, don tana bakin aiki. Shi ne ya ce ta riƙa yin haka. Sai ya dubi agogo ya zauna jira, ba ya amsa gaisuwar kowa da kyau. In jirgin ya wuce ta saman rufi ya sake dubawa, ya ɗaga murya don matarsa ta ji a kan ƙarar keken ɗinki.

"Talatin da biyar zuwa nan, ɗaya zuwa ƙasa. Yau ma Auta ba ta ƙara mini ko minti ɗaya ba."